Wa Ya Yi Masa Wannan Duka?

Ɗan yayata ne ya turo mini bidiyon ta WhatsApp wani dare, babu rubutu babu bayani, kamar yadda yaran yanzu suka saba. Bai cika minti guda ba. Wani dattijon Bature ne mai farin gashi har kafaɗa, tsaye a kan dandamali, rungume da wani ɗan abin kiɗa da bai kai rabin jita ba. Abin duk ya koɗe. Wani wurin ma katako ne tsirara, irin kayan da in ka tarar a kasuwar 'yan gwanjo ko tayawa ba za ka yi ba. Amma yadda mutumin nan ya riƙe shi, sai ka ce jariri aka miƙo masa ranar suna.

Sai ya kaɗa.

Ni da kuntigin Ɗan Maraya Jos na tashi, tsirkiya ɗaya tal a kan gwangwanin kifi, amo siriri mai tsini. Wannan ma yana da tsinin, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu busasshe mai kauri, kamar an ƙwanƙwasa tsohon turmi. Kowane sauti zai fito da ƙarfinsa, ya ɗan yi rawa, ya mutu nan take. Na yi ta maimaitawa har uwargida ta ce in dai ba kashewa zan yi ba, to in koma zaure. Zauren na koma.

Da safe na kira yaron. Ya ce, "Wallahi Kawu, ni ma gani na yi na tura. Ina jin dai mandolin ake ce masa."

Da wannan kalma guda na fara, kuma ta kai ni inda ba nan ba ne. Mandolin ɗan Italiya ne. A birnin Napoli ya samu siffar da duniya ta fara saninsa da ita, a ƙarni na 18, a hannun gidajen sana'a irin na zuriyar Vinaccia. Tsirkiya takwas gare shi, bibbiyu a jeri huɗu, ana ɗaure su daidai da na gogen Turawa. Bayansa ƙoƙo ne mai zurfi kamar rabin duma, an haɗa shi da siraran katako da aka lanƙwasa. Manyan mawallafan kiɗan Turai sun rubuta masa: Vivaldi, da Mozart a wasan Don Giovanni na 1787, da Beethoven yana saurayi. Na kwana biyu ina sauraron irin na Napoli. Akwai daɗi, akwai zaƙi, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Amma ba shi ba ne. Amon Napoli zuba yake yi, nawa kuwa sara yake yi. Da na koma na tsayar da bidiyon na ƙura ido, sai na ga ma ko kama ba su yi ba. Nawa ba shi da ƙoƙo, bayansa kusan a shafe yake. A kafaɗarsa akwai wata naɗiya kamar ƙahon rago, kuma maimakon rami zagayayye a tsakiya, tsaga biyu ce dogaye irin ta gogen Turawa.

A tsohuwar unguwarmu akwai wani dattijo da ya tsufa a kan haɗa gurmi da garaya. Na same shi a gindin darbejiya yana feƙe itace.

"Sannu da aiki, Baba. Ku ɗan saurara mini wannan."

Bai kalli wayar ba. Ya rufe ido, ya sa na kunna sau uku. Sannan ya ce, "Tagwaye ne. Duk yadda ka ɗaure tsirkiya biyu, ba za su zama ɗaya ba. Wannan ɗan saɓanin da ke tsakaninsu shi ne rawar da kake ji." Ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wa ya yi masa wannan duka?"

Na ce ai tsufa ne.

"A'a. Wannan ba gara ba ce, ba kuma ajiya ba ce. Hannu ne. Kuma ba hannun wannan mutumin ba ne, dubi yadda yake lallaɓa shi. Aro ya yi. Je ka nemo mai shi."

Naɗiyar kafaɗa da tsagar nan biyu su suka fitar da ni daga Italiya suka kai ni Amurka, wani gari da ake kira Kalamazoo a jihar Mishigan. A ƙarshen ƙarni na 19 mandolin ya zama abin yayi a Amurka, har ana kafa ƙungiyoyin makaɗansa a makarantu da garuruwa. A wannan garin wani mai suna Orville Gibson ya ce lanƙwasa katako ɓata shi ne. Shi sassaƙa fuska da baya yake yi daga katako mai kauri, su ɗan yi tudu, yadda ake yi wa goge. Ya yi rajistar dabararsa a 1898, aka kafa kamfani da sunansa a 1902. 'Yan tallan kamfanin har ba'a suke yi wa mai ƙoƙon, suna kwatanta shi da ƙwaron dankali saboda ratsin bayansa.

Tsagar gogen kuwa aikin wani ne daban. Lloyd Loar makaɗi ne mai ilimin sauti, ya yi aiki da kamfanin daga 1919 zuwa 1924, kuma a 1922 ya fito da samfurin da aka sa wa suna F-5. Fuskarsa daga itace mara nauyi, dangin bishiyar Kirsimeti. Baya da gefe daga itace mai tauri, wanda ganyensa ke jikin tutar Kanada. Ya sa siraran sanduna biyu a ƙarƙashin fuskar daga ciki. Ya tsawaita wuyan, don ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi ya sauka a tsakiyar fuska, inda ta fi motsi. Ya ɗaga allon da yatsu ke dannawa don kada ya danne fuskar. Ana ƙwanƙwasa katakon ana saurare, ana ƙara kankarewa, har sai ya ba da amon da ake so. Wanda ya ci jarrabawa sai Loar ya sa hannu da kwanan wata a wata 'yar takarda, a manna ta a ciki, inda mai leƙawa ta tsaga zai gani.

A nan na samu rabin amsar kunnena. Mai rami zagayayye yana jan sauti, ya bar shi ya daɗe. Mai tsaga biyu harbo shi yake yi gaba, a dunƙule, ya yanke. Turmin da na ji ke nan.

Abin tausayi, Loar ya zo a makare. Ya yi abinsa ne don makaɗan zaure masu kwat da takardar kiɗa a gabansu, ga shi kuwa yayin ya wuce, kiɗan jaz ya shigo, matasa sun koma banjo. Dala 250 ake sayar da F-5, kuɗin da ya kusa sayen sabuwar motar Ford mafi araha a lokacin. Bai yi kasuwa ba. 'Yan ɗaruruwa kaɗan Loar ya sa wa hannu kafin ya bar kamfanin, ya kuma rasu a 1943 ba tare da ya ga abin da zai faru da su ba.

To cikin 'yan ɗaruruwan nan, wanne ne nawa? Duk inda na buɗa labarin F-5, suna ɗaya nake cin karo da shi: Bill Monroe.

An haife shi a 1911 a ƙauyen Rosine na jihar Kentaki, ɗan auta cikin 'ya'ya takwas. Yayyensa suka riga shi ɗaukar goge da jita, aka bar masa mandolin, har suka sa ya cire tsirkiya huɗu don kada ya cika musu kunne. Idonsa yana da harara-garke, yara na tsokanarsa. Uwa ta rasu yana ɗan shekara goma, uba ya bi ta kafin ya gama girma, ya koma hannun kawunsa mai goge, yana binsa wuraren rawa. Ashe shi ma ɗan maraya ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya riga ya yi suna a rediyo, ya hangi wani mandolin a tagar shagon aski a jihar Fulorida. Ya biya dala 150. Takardar cikinsa na ɗauke da sa hannun Loar, 9 ga Yuli 1923, lambarsa 73987.

Abin da ya yi da shi, da Loar ya gani da wataƙila ya toshe kunne. Ƙungiyarsa, Blue Grass Boys, wadda daga sunanta aka samo sunan kiɗan bluegrass, ba ta da ganga. Sai ya mai da mandolin ganga. Ya danne tsirkiyoyin duka, ya sare su gaba ɗaya, ya saki yatsu nan take don sautin ya mutu. Ya ɗaga tsirkiyoyinsa sama da allon har wasu makaɗa ba sa iya danna su, don ya samu damar duka da ƙarfi ba tare da sun yi kuka ba. Ga banjon Earl Scruggs a gefe tun daga ƙarshen 1945, ga goge, kowa na kokawar isa bakin makirfo, dole ɗan abin nan ya ratsa. Na nemo "Raw Hide" da ya ɗauka a 1951. Daƙiƙa biyar ba a yi ba tsigar jikina ta tashi. Hannun daban ne, wannan a fusace yake, amma muryar ita ce.

Har na fara murna, sai hotuna suka ɓata mini lissafi. A hotunan Monroe na shekarun 1960 da 1970, kan mandolin ɗinsa, can sama inda ake rubuta sunan kamfani, rami ne ƙwaƙulalle. Na bidiyona kuwa kansa lafiya lau, ga suna a rubuce. Na ce shi ke nan, na bi sawun da ba shi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A farkon shekarun 1950 Monroe ya aika da shi kamfanin don gyara. Ya yi watanni a can, ya dawo ba a yi abin da ya ce ba. Mutum ne mai riƙo. Ya zaro wuƙar aljihu ya ƙwaƙule sunan Gibson, ya bar 'yar kalmar da ke samansa ita kaɗai. Labarin da ya shahara shi ne har man sheƙin da ke fuskar ya bi ya kankare. Kusan shekara talatin yana hawa dandamali da wannan rami, kowane hoto na tona wa kamfanin asiri, sai a 1980 aka shirya, suka gyara masa kan. Tsohon ɓallin mai rami ma bai tafi a banza ba, an yi gwanjonsa a Niyok a 2009 kan dala 37,500. Wato bidiyona bayan 1980 ne, kuma Baba ya faɗi gaskiya amma da saura: hannu ne, da wuƙa.

Na koma na ba shi labari. Na ƙara masa da cewa Monroe yana ajiye kacau-kacau ɗin jelar wani macijin Amurka a cikin mandolin ɗin, al'adar tsofaffin masu gogen yankinsu, wasu su ce yana gyara amo, wasu su ce yana korar gizo-gizo da ɓera. Baba ya yi dariya har da tari. Ya nuna mini ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙalawa a kan garaya. "Ashe su ma ba sa son amo ya fita shi kaɗai ba ɗan rakiya." Ni dai na kasa kunne iya kasawa, ban ji macijin ba.

Daga nan ne labarin ya juye mini gaba ɗaya. A watan Nuwamba na 1985 Monroe ya dawo gidansa na gona a Goodlettsville, kusa da Nashville a jihar Tenesi, ya tarar an shiga. Ba a saci komai ba. An ɗauki ƙarfen tona wutar murhu an farfasa hotunansa, an kuma bi mandolin biyu da duka, wannan na shagon aski da wani ɗan'uwansa. Ɓarawo ba ya haka. Wanda ya yi ya san inda zai taɓa ya yi zafi. Ba a taɓa gurfanar da kowa a kan lamarin ba. Monroe yana da shekara 74, abin da ya shekara arba'in a ƙirjinsa ya koma tsinke-tsinke.

Duka na uku ke nan, kuma shi ya fi ɗaure mini kai. In an ragargaza shi a 1985, me dattijon nan yake kaɗawa a bidiyo mai kyan hoto irin na zamanin nan?

Amsar tana hannun wani ma'aikacin Gibson mai suna Charlie Derrington. Shi aka kai wa tarkacen. Gutsattsarin ɗaruruwa ne, an fi ambaton kusan 500, kuma na mandolin biyun sun gauraya. Kafin ya manna ko ɗaya, sai da ya tantance wanne na wanne ne, yana bin launi da jijiyar itace. Kimanin wata uku ya yi a kan na shagon askin, a watan Fabrairu na 1986 aka miƙa wa Monroe kayansa.

Da na gaya wa Baba, sai ya girgiza kai. "Gyartai ke nan. Amma Malam, ƙwaryar da aka ɗinke a zuba mata gari, ba a kaɗa ta. Ni in ƙoƙon gurmi ya tsage, jefar da shi nake yi in sa wani."

Wannan magana ta tsaya mini, domin ita ce ainihin tambayar. Da Derrington ya so sauƙi, da sabuwar fuska ya sassaƙa ya ɗora. Sati biyu ya gama, ta fi ƙarfi, ta fi kyau. Sai dai fuskar ita ce mandolin ɗin. Tsirkiya ita kaɗai kusan ba ta da murya, ɗan siririn ƙarfe ne da ba ya iya tura iska. Girgizarta ke bi ta ɗan katakon nan ta sauka a fuska, fuskar ta motsa, ta motsa iskar ciki da ta waje. Abin da ke yanke irin amon da zai fito shi ne kaurin katakon a kowane gurbi, da tudunsa, da nauyinsa, da taurinsa. Waɗannan kuwa su ne Loar ya auna a 1923, su ne shekara sittin suka busar. Canza fuska daidai yake da a ce an yi wa mawaƙi dashen maƙogwaro.

Inda itace ya bambanta da ƙwaryar gyartai shi ne ba ɗinki ake yi masa ba. Ɗinki yana barin baki biyu suna gogar juna, shi ya sa ɗinkakkiyar ƙwarya ke kuka in an buga. Itacen da ya tsage, in aka mai da kowane tsinke gurbinsa, jijiya ta haɗu da jijiya, aka manne ba rata, to ya koma motsi a matsayin abu ɗaya. Wahalar ita ce kada manne ya yi yawa ya ƙara nauyi, kada kuma tudun ya sauka, domin tsirkiya takwas na ƙarfe suna danna shi dare da rana. A nan gwanintar take. Abin da ya fi burge ni kuma, mutumin bai mai da shi sabo fil ba. Koɗewar da Baba ya gani tana nan. Ya gyara dukan maƙiyi, ya bar na mai shi.

Shin amon ya dawo yadda yake? Masoya kiɗan sun daɗe suna musu a kai, kuma ba zan raba musu gardama ba. A kunnena, na 1951 ya fi cizo, na bidiyona ya fi duhu da taushi, amma ai hannuwan ma ba ɗaya ba ne, na'urorin ɗauka ma haka. Shaidar da na fi yarda da ita ita ce ta mai riƙon nan da ya yi gaba da kamfani shekara talatin a kan gyaran da bai gamshe shi ba. Wannan karon ya karɓa, ya rataya, ya ci gaba da hawa dandamali da shi har ƙarfinsa ya ƙare. Ya rasu a watan Satumba na 1996. Derrington kuwa, wanda ya ga cikin aikin Loar yadda mutane ƙalilan suka taɓa gani, ya zama jagoran masu haɗa mandolin a kamfanin. Wani direba da ya sha ya bugu ya kaɗe shi a kan babur a 2006.

Saura tambaya ɗaya. Tun 2005 mandolin ɗin yana gidan tarihin Country Music Hall of Fame a Nashville, cikin akwatin gilashi. Kayan da aka taɓa yi wa ciniki sama da dala miliyan ɗaya ba a ba kowa aronsa. To wane ne mai farin gashin nan?

Wannan bai ba ni wahala ba, tunda na san inda zan duba. Sunansa Ricky Skaggs, shi ma ɗan Kentaki ne. A watan Oktoba na 2018 aka shigar da shi cikin gwarazan da gidan ke karramawa, kuma a daren ne aka buɗe gilashin aka fito masa da mandolin ɗin, ya ja taron da tsohuwar waƙar nan ta "Will the Circle Be Unbroken". Ɗan guntun da yaron nan ya turo mini daga nan aka yanko shi. A daren, mandolin ɗin ya kusa shekara ɗari da haihuwa, an kankare shi, an huda shi, an manne shi, ya yi shekaru a kulle ba mai taɓawa, shi ne ya hana ni barci a zaure.

Dalilin da ya sa Skaggs aka ba, shi na kai wa Baba a zuwana na ƙarshe. Yana ɗan shekara shida Monroe ya zo wasa wani ƙauye da ake kira Martha, kusa da garinsu. Mutanen wurin suka yi ta kiran a bar ƙaramin yaronsu ya hau. Monroe ya sa aka miƙo shi, ya tambaye shi me yake kaɗawa, yaro ya ce mandolin. Sai ya cire nasa daga kafaɗa, wannan mai rami a ka, ya naɗe igiyar ta yi daidai da ɗan jikin, ya rataya masa. A daren bidiyona yaron yana da shekara 64.

Baba ya ajiye wuƙarsa a kan buhu, ya kakkaɓe ɓawon itace daga cinyarsa.

"Ashe aro na biyu ne," in ji shi. "Kawo wayar nan kusa, Malam. Sake kunna mana."